Bayan Mozart, wa zan saurara a kilarinet da sarewa?

Malam, ka ce kana neman konceto (wato kiɗan da kayan kiɗa guda ke jagoranta, ƙungiyar makaɗa na mara masa baya) na zamanin Mozart da ba su yi suna ba. Fara da Crusell, haifaffen Finland a 1775, wanda shi kansa mabushin kilarinet ne a fadar Stockholm. Konceto uku na kilarinet ya rubuta, amma na biyun ne ya fi kama mini zuciya. Tsakiyarsa a hankali take tafiya, har busar ta dawo can ƙasa-ƙasa kamar amsa-kuwwa. Wallahi ban taɓa gajiya da shi ba.

Carl Stamitz ma ya rubuta wa mabushin kilarinet Joseph Beer konceto da dama a Paris.

A sarewa kuwa, nemi na bakwai na Devienne, Bafaranshen da ya rasu a 1803. Franz Danzi, Bajamushe, kuma ya haɗa kayan busan biyu a kiɗa guda.