Ina Zan Zauna da Dare a Zariya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bana na samu gurbin karatun lauya a Jami'ar Ahmadu Bello, muna harabar jami'ar da ke Kongo. Abokan ɗakina kan ja ni wata mashaya a Sabon Gari, wai don farfesun kifi. Ni ba na shan giya, kuma zaman wurin bai kwanta mini a rai ba. Ina mutum zai ci ya sha ya yi hira da dare a garin nan?
Ɗalibi daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ranka bai kwanta ba, ka bar zuwa. Ga Tudun Wada nan a bakin ƙofarka.

Akwai teburin wani mai shayi a nan da na daɗe ina zama. Benci biyu ne kawai, ga gwangwanayen madara an jera su kamar dala, ruwa na tafasa a kan gawayi. Ruwan shayinsa ya ji citta da kanumfari, tun daga bakin titi ƙamshin ke tarbar ka. Ka ce a yi maka haɗin kauri, a soya ƙwai da albasa da attaruhu a cusa cikin burodi. Indominsa kam ba na yabawa, mai ya yi mata yawa.

Gefensa akwai mai tsire. Ka je ana idar da sallar Isha'i, lokacin da naman ke sauka daga wuta, ƙuli-ƙulin na naso. In dare ya yi nisa, ɗumame za a ba ka, ya bushe sai ka yi ta ja da haƙori. Kunun aya kuma ka tambaya ko na yau ne, don ba ya jimirin zafi.

Abin da ke mayar da ni wurin shi ne mutanensa. Malamin makaranta, ɗan acaɓa, tela, duk benci ɗaya, rediyo na kawo labaran dare, ana musun ƙwallo ba zagi. Sai dai ka haƙura da hayaƙin babura, da sauro in damina ta sauka.

Duk teburin da za ka zauna, ka fara leƙa bokitin wanke kofi. Na taɓa kwana uku ina fama da ciki saboda wani wuri da ruwan wankinsu ya koma kalar shayin kansa. Mutumin nan nawa bokiti biyu yake ajiyewa, kuma da ruwan zafi yake ɗauraya.