Amsa: Zan iya ba Yayana ƙoda alhali ciwon suga na gidanmu ne?

Ɗan'uwa, Allah Ya ba Yaya lafiya. Ka ce ciwon suga ne ya lalata masa ƙoda, Hajiyarku ma tana fama da shi, kana tsoron a ƙi karɓar taka.

Ta wajen dacewa kam kai ne kan gaba. 'Yan uwa ɗaya uba ɗaya suna da damar 1 cikin 4 su dace tsaf a alamomin HLA, waɗanda garkuwar jiki ke dubawa ta gane baƙo.

Inda gizo ke saƙar, lafiyarka ce nan gaba. Suga nau'i na 2 ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo shi ba kamar sikila. Ɗaruruwa ne, TCF7L2 na cikin masu ƙarfinsu, ƙiba da cima kuma su ƙarasa. Shi ya sa likita ba ya dogara da gwajin gado. Za ka zo da safe ba ka karya ba, ka sha ruwan gulukos, a ɗebi jini bayan awa 2, a duba HbA1c (gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin jininka na watannin baya), hawan jini da furotin a fitsari. In kana matashi kuma sukarinka ya fara hawa, da wuya su yarda, kuma a ganina sun yi daidai.

Ka tuntuɓi sashen ƙoda na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tun 2002 suke dashe.