Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan ƙanwarta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce auren ƙanwarki biyu duk sun mutu, yau tana ji da ke kamar ta haɗiye ki, gobe ke ce babbar maƙiyiyarta, shi ne kike tambaya ko baƙin hali ne ko lalura. Wallahi sai na ji kamar labarin gidanmu kike bayarwa.

Tawa ƙanwar tun tana sakandare abin ya soma. Ba ta wata uku da ƙawa ɗaya. In ta kira ki ba ki ɗauka ba, kafin la'asar ta gama yanke cewa kin tsane ta, ta sha kuka, ta goge lambarki, da daddare kuma ga ta nan tana ba ki haƙuri. An yi ruƙiya, an sha rubutu, Baba ya yi faɗa har ya gaji. Dangi suka daina gaya mata biki da suna, wai gudun fitina. Wannan wariyar ta fi komai ci mata rai, ita ce ma ta ƙara rura wutar.

Da muka je wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya tsaya ne kan barcinta, zamanta da mutane, da lokacin da abin ya faro. Ya ce akwai ciwon da ke zuwa yana tafiya: mutum ya yi kwanaki ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi, daga baya ya faɗa matsanancin baƙin ciki, in ya lafa ya koma yadda aka san shi. Irin wannan ciwon, maganin sha yana riƙe shi sosai. Akwai kuma wanda ya saje da halin mutum tun tasowa, yana bin sa gida, makaranta, har gidan aure. Na ƙanwata ke nan, kuma gindinsa tsoron kada a guje ta. Irin wannan ya fi jin zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, a hankali, ba na wata ɗaya ko biyu ba.

Mu ma sai da muka gyara. In ta hau, Mama ba ta musu da ita, ba ta kuma biye mata. Sai ta ce, "Na ji ranki ya ɓaci, zan kira ki bayan isha'i," kuma ta kira ɗin. Cika alkawarin nan ya yi mata aikin da faɗa bai taɓa yi ba. Yanzu tana ɗinki, masu kawo mata kaya suna dawowa, duk da akwai ranakun da sai haƙuri.

Ban ce ciwonsu ɗaya da taki ba, likita ne zai tantance. In kina Kano akwai asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware. Amma don Allah, duk ranar da ta ambaci kashe kanta, ko kika ga tabon yanka a hannunta, kada ku ce barazana ce. A ranar za ku kai ta, kuma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki.