Da me roka ke tokarawa idan za ta tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, daga Tudun Wada, Kaduna. Musu muka yi da yayana. Ya ce wutar da ke fita a gindin roka ita ke tokare ƙasa, sannan ta tokare iska, har rokar ta ɗaga. Na ce to can sama inda babu iska fa? Ya ce in rufe masa baki. A raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ke ce da gaskiya, amma kada ki yi wa Yaya dariya. Jaridar New York Times ma ta yi wannan kuskuren a 1920, ta yi wa masani Robert Goddard ba'a a kan maganar. Sai a watan Yulin 1969, kumbon Apollo 11 na hanyar zuwa duniyar wata, ta janye kalamanta.

Ki ɗauka kina cikin kwale-kwale a tsakiyar kogin Kaduna, ba gora ba filafili, sai tulin duwatsu. Ɗauki ɗaya ki wurga shi baya da iya ƙarfinki. Kwale-kwalen zai ɗan matsa gaba. Ba don dutsen ya bugi iska ba ne. Lokacin da hannunki ke tura dutsen, shi ma yana tura ki da ƙarfi daidai wa daida. Dokar Isaac Newton ta uku ke nan, wadda ya wallafa a 1687. Duwatsun roka su ne hayaƙin man da take ƙonawa, wanda ke bi ta wata matsattsiyar kafa ya fice da gudun sama da kilomita 2 a daƙiƙa ɗaya. Iskar waje cikas ce ma a gare ta. Da yake wuta ba ta ci sai da oksijin, roka da guzurinta take tafiya, an sanyaya shi har ya zama ruwa.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne daƙiƙun farko. Rokar Saturn V da ta ɗauki Apollo 11 ta kai nauyin tan 2,900, injinanta biyar kuma turinsu ya kai na tan 3,400. Rarar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa za ki ga ta fara ɗagawa a hankali kamar tirela mai lodi tana hawa gadar Kawo. To amma duk daƙiƙa tana cinye kusan tan 13 na oksijin da tataccen kananzir, ɗan uwan wanda Mama ke zuba wa risho. Nauyi na raguwa, turi na nan, gudu sai ƙaruwa yake. Bayan kamar minti biyu da rabi ta yar da tankin farko da injinansa, don ba amfanin ɗaukar fanko.

Tun tana hawa take karkata a hankali, domin kafin kumbo ya iya kewaya duniya bai faɗo ba, sai gudunsa ya kai wajen kilomita 28,000 a awa. Wato Kaduna zuwa Zariya cikin daƙiƙa 10.

In Yaya ya ƙi yarda, ki hura balan-balan ki sake shi a falo, sannan ki karanta masa zancen kwale-kwalen. Da ladabi dai.