Amsa ga Hajiya mai kilishi a Makka

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta ko ki biya wani ya fito miki da sabon kaya, ko ki ci gaba da rufe ƙofa kada a sace miki haɗin yaji, wallahi kamar da bakina kika yi ta. Mu ma yajin tsire da kilishi muke ƙullawa a nan Jidda.

Wanda zan fara ja miki kunne a kansa shi ne mai zuwa da kwamfuta a jaka wai shi mustashari ne, mai ba da shawarar kasuwanci. Namu ya zo da jallabiya a goge, ya sha shayinmu, ya ce a rubuta masa awon komai: citta nawa, masoro nawa, kimba, kanumfari, har yadda muke toya ƙuli. Ya karɓi rabin kuɗinsa. Abin da ya kawo mana takardu ne masu launi, ƙarshensu dai mu buɗe shafi a Instagram. Kafin azumi sai ga yajinmu a wata baƙala, wato kantin unguwa, cikin ledar wani. Uwargida ta ɓare ta shinshina, ta lasa, ta zauna a kan buhun gyaɗa ta kasa magana, don haɗin mahaifiyarta ne. Na kira shi, wai yaji ai yaji ne, kowa na dakawa. Mutumin da ya ci tuwo a gidana! Har yau in muka haɗu yana miƙo hannu ba kunya. Na bar shi da Allah.

Amma kada wannan ya sa ki kulle kanki, don duk abin da ya ɗaga mu daga waje ya zo. Kilishinmu kan canza wari in ya jima, muna ta zargin nama. Ba'indiyen da ke sayar mana da leda ne ya ce man ƙulin ne iska da haske ke lalatawa, ya nuna mana jaka mai aluminiyam da ɗan ƙullin nan mai tsotse iska da ake jefawa ciki. Ko riyal bai karɓa ba. Yaji marar zafi kuwa, wanda yanzu ya fi tafiya, Larabawan da ke sayen tsire ne suka yi ta roƙo har muka gwada.

'Yata da ta yi karatun kasuwanci ta ce abin ba a kanmu aka fara ba. Wasu masana, Laursen da Salter, sun duba kamfanoni 2,707 a Birtaniya, binciken ya fito a 2006: masu neman sani a waje sun fi fito da sabon abu, amma in wuraren suka yi yawa sai amfanin ya koma raguwa. Na yarda. Kowa ki saurara, kanki ne zai yi ciwo. Riƙe mai leda, mai kawo gyaɗa da kwastomomin da ke gaya miki gaskiya, ki matse su da tambaya.

Kuma ki samu ɗan gida mai ganewa. Mun kai samfur ɗakin gwaji saboda dafin funfuna da kan kama gyaɗa, takardar sakamakon ta zo, sai da yarinyar ta zauna da masu gwajin ta fassara mana. In babu irinta a cikin gida, ko an ba ki ilimin zai wuce ki.

Monsha'at, hukumar Saudiyya mai tallafa wa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, suna da cibiya a Jidda, ki leƙa su. Ki yi wa sunan kayanki rajista a hukumar mallakar fasaha. Duk wanda zai shiga madafarki ya sa hannu kan takardar riƙe sirri tukuna, awon kuma ya zauna a kanki.

Af, a ina kike sayen gyaɗa yanzu? Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 mai kawo mana ya koma yau akwai gobe babu, in kina da hanya ki taimaka ki yi mini magana ta gefe.