Me ya sa zanen momiji bai dace da bonsai na momiji ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Kyoto, ina haya a wani tsohon gida mai tokonoma, wato gurbin nan da Japanawa ke keɓewa a jikin bangon ɗakin baƙi domin ado. Ina da bonsai biyu, wato ƙananan bishiyoyin da ake reno a kasko: momiji, wadda ganyenta ke yin ja a kaka, da kuromatsu, baƙar bishiyar pine ta Japan. A kasuwar tsofaffin kaya da ke ci a harabar wurin ibadar Toji ranar 21 ga kowane wata na sayi zanen rataye guda uku: ɗaya na jajayen ganyen momiji, ɗaya na cikakken wata da dinyoyi suna saukowa, na uku kuma rubutu ne zalla da ban iya karantawa ba. Zan yi baƙi a watan Nuwamba. Na rataya zanen momiji a bayan bishiyar momiji, sai dattijuwar da ta ba ni haya ta girgiza kai, amma ba ta faɗa mini dalili ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dattijuwar nan tana da gaskiya, kuma dalilinta shi ne tushen wannan fanni gaba ɗaya. Zanen rataye, wanda suke kira kakejiku ko kakemono, aikinsa a bayan bonsai shi ne ya faɗi abin da bishiyar ba za ta iya faɗa da kanta ba: a ina take tsaye, wane lokaci ne na shekara, safiya ce ko dare. Bishiyarka ta riga ta nuna jajayen ganye. In zanen ya sake nuna su, ka ba baƙonka tuwo da tuwo ke nan, babu miya. Abin da ya fi muni, idon mai kallo zai shiga gwada ganyen gaske da na fenti, dole ɗaya ya rage wa ɗaya daraja. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa haɗa bishiya da zanen irinta, ba sa kuma sa zanen furanni a bayan bishiyar da ke cikin fure. Wasu ma kan guji duk zanen da bishiya ta fito a cikinsa ƙuru-ƙuru.

Ɗauki na wata da dinyoyi. Shi ne naka, kuma ka yi sa'ar saye. A wajen Japanawa cikakken wata alamar kaka ce, lokacin da suke bikin kallon wata a Satumba ko farkon Oktoba, dinyoyin daji kuma a wannan zangon suke isowa daga arewa don su ci hunturu a Japan. Momiji bishiyar kwazazzabai da gefen tsaunuka ce. Da zarar ka tsayar da ita a ƙarƙashin wannan zane, baƙon da ya zauna a kan tabarmar tatami zai ga kansa a bakin dutse da dare, iska ta fara sanyi, tsuntsaye na neman wurin kwana. Babu dutsen a gurbin, babu iskar, shi mai kallo ne zai kawo su daga ransa. Wannan filin da ake bar wa mai kallo shi ne abin da nake ƙauna a fannin nan, kuma shi ne dalilin da zanen da ya fi dacewa da bonsai yawanci na baƙar tawada ne, abu ɗaya ko biyu kacal a jikinsa, sauran takardar fili.

Akwai batun lokaci da ya kamata ka kiyaye. Al'adarsu ita ce a ɗan riga yanayi, kada a biyo bayansa. A Kyoto ganyen momiji kan kai ƙarshen ja daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa, don haka zanenka zai zauna daidai. In baƙin sun ɗage zuwa Disamba, ganye ya zube, rassa sun zama tsirara, to lokacin zanen watan kaka ya wuce, sai ka nemi tsauni mai dusar ƙanƙara daga nesa. A Fabrairu, lokacin da bishiyar ume ke fure, ana haɗa ta da ɗan tsuntsun nan uguisu, muddin mai zanen bai ɗora shi a kan reshe mai fure ba. Tsattsewa ta watannin Afrilu da Mayu ce. A tsananin zafin Yuli da Agusta kuwa ruwa mai zubowa daga kan dutse ake ratayawa, don ɗakin ya yi wa ido sanyi.

Kuromatsu ɗinka labarinsa daban. Bishiyar gaɓar teku ce, mai kaushin ɓawo, ganyenta kamar allurai, kore shekara zagaye. Tunda ita ba ta nuna yanayi, nauyin ya koma kan zanen da ɗan tsiron rakiya da ake ajiyewa kusa da ita. Cikin ukun da ka saya, na wata da dinyoyi ma zai karɓe ta, amma inda take haskawa shi ne sabuwar shekara, da zanen fitowar rana, ko na tsuru, tsuntsun nan dangin gauraka da suke ɗauka alamar tsawon rai. Raƙuman ruwa ko jirgin ruwa mai filafilai can nesa su ma sun dace da ita. Abin dubawa kullum shi ne inda bishiyar ke tsirowa a daji. Bishiyar shimpaku mai murɗaɗɗen jiki da busasshen itace fari, ta ƙololuwar duwatsu ce, gajimare da hazo suke yi mata kyau, kwalekwale bai da abin yi a bayanta.

Sai tsarin ajiyewa. Zane a tsakiyar bangon gurbin yake zama, bishiya kuma a gefe ɗaya, a kan ɗan teburinta. Kowace bonsai tana da inda ta karkata, abin da suke kira nagare, ana gane shi daga kan bishiyar da babban reshenta. Wadda ta karkata dama a ajiye ta hagu, don ta fuskanci zanen, ba ta juya masa baya ba. Duba dinyoyinka ma: in suna saukowa ne zuwa ɓangaren da bishiyar take, sun haɗu ke nan, in kuwa suna ficewa ta ɗaya gefen, idon baƙo zai bi su ya bar gurbin. Kada reshe ya rufe jikin zanen, kada kuma ya rufe sa hannun mai zanen da jan hatiminsa. Malamai da yawa kan fi son hatimin ya faɗo a gefen da ke nesa da bishiya. A ɗaya ɓangaren sai ka sa shitakusa, ɗan tsiro ko ciyawa a ƙaramin kasko, a kan siririn katako, tsayinsa bai wuce teburin bishiyar ba. A nan ma ba a maimaitawa: in ganyen momiji ya yi ja, tsiron ya zama mai sanyin launi, ciyawar da ta fara bushewa ko gansakuka. In gurbin naka ƙarami ne, abu biyu sun isa. Cikakken tokonoma faɗinsa kusan mita 1.8 ne, amma gidajen haya da yawa rabin haka suke da shi, kuma cunkoso ya fi rashin tsiron rakiya illa. Ga ƙaramar bishiya, maimakon doguwar kakejiku ana iya amfani da tanzaku, siririyar takarda mai tsawon kusan santimita 36 da faɗin 6, ko shikishi mai kusan 27 da 24.

Kada ka raina ƙyallen da ya kewaye zanen. Japanawa sun kasa ado gida uku, shin, gyo da so, sunayen da aka aro daga salon rubutu: tsayayye, matsakaici, da sakakke. Bishiya miƙaƙƙiya mai kwarjini ta shin ce, momiji da ire-irenta masu zubar da ganye sun fi zama a gyo, siraran bishiyoyi masu ƙarancin rassa na salon bunjin da ciyayi kuma so. Ƙyalle mai zaren zinariya da ƙyalƙyali zai danne momiji, mai launin toka ko ƙasa-ƙasa ne zai bar ta ta yi magana. In ka samu dama ka je Gidan Adana Bonsai na Omiya a Saitama, wanda aka buɗe a 2010. Akwai ɗakuna uku a jere da aka gina bisa shin, gyo da so, ana canza kayan cikinsu bisa yanayi. Kusa da kai kuma akwai baje kolin Taikan-ten da ake yi a Kyoto duk Nuwamba, inda za ka ga bishiyoyi da zanen rataye a bayansu, saɓanin Kokufu-ten na Tokyo, wanda aka fara a 1934, inda ake nuna bishiyoyin ba tare da zane ba. Masu son zurfafawa kan bi makarantar Keido da Katayama Ichiu ya kafa, wadda ta tsara waɗannan ƙa'idoji a matsayin darasi.

Zanenka na uku kada ka rataya shi sai wani ya karanta maka. Rubutun yana iya zama baitin waƙa kan yanayi, wanda zai yi kyau matuƙa in lokacinsa ya zo. Yana iya kuma zama kalmomin ibadar addinin Buddha, irin waɗanda ake ratayawa ranar tunawa da mamaci, kuma a kasuwar tsofaffin kaya irin waɗannan suna da yawa. Ba a haɗa su da bonsai don tarbar baƙi, kuma kai kanka za ka so ka san abin da ke rataye a ɗakinka. Dattijuwar taka za ta iya taimaka maka, ko ta nuna maka wanda ya iya karanta sakakken rubutu, domin ba kowane Bajapane ne ke iyawa ba.

Game da kulawa, bonsai ba ta ɗaki ba ce. Kwana biyu zuwa uku a ciki ya isa, sai ta koma waje. Ka shayar da ita a waje, ruwan ya tsane, kafin ka shigo da ita, kuma kada ka yi mata feshi a gaban zanen, domin takarda da siliki da ƙullun alkama aka haɗa shi, ɗigon ruwa ɗaya kan bar tabo. Ka nisanta shi da hasken rana da iskar na'urar ɗumama ɗaki. In baƙi sun tafi, ka sauke shi a ranar da babu danshi, ka naɗe shi ba da matsi ba, ka mayar da shi akwatinsa na itacen kiri. Zanen ganyen momiji kuma ka ba shi ranarsa a ƙarshen Oktoba mai zuwa, kafin ganyen waje ya juya, shi kaɗai a gurbin ko da suiseki guda, wato dutsen ado da ake ajiyewa don kallo, a ƙasansa.