Fuskar amarya a hoton baƙi da fari

Ka tambayi abin da ke sa fuskar amarya dushewa idan ka mayar da hoton biki baƙi da fari. Janye launukan duka a lokaci ɗaya ne ke jawo haka, don haka kada ka yi shi. Ka buɗe hoton RAW, wato ainihin hoton da kyamara ta ɗauka kafin a sarrafa shi, a manhajar gyaran hoto ta Lightroom, ka shiga B&W Mix, inda ake daidaita hasken kowane launi daban, ka ɗan ɗaga launin ruwan lemo domin a nan launin fata yake, sannan ka rage hasken farar shaddar ango har aikin wuyanta ya fito.

Sai dai jan lalle yana kusa da wannan launi, idan ka ɗaga da yawa zanen hannun amarya zai kusa ɓacewa. A hotunan kamu da nake ɗauka a Katsina, fuskar kaɗai nake haskakawa, in ƙyale hannuwan.